Bikin Tsuntsaye na Bakin Kogin Somme: Abin da Mai Niyyar Zuwa Ya Kamata Ya Sani

A duk watan Afrilu, garin Abbeville da ƙananan garuruwan da ke kewaye da shi a arewacin Faransa sukan cika da baƙi, kowa da madubin hangen nesa rataye a wuya da takalmin roba a ƙafa. Kallon tsuntsaye ne ya tara su. Tun shekarar 1991 ake yin wannan taro mai suna Festival de l'Oiseau et de la Nature, wato bikin tsuntsu da sauran halittu. Yakan ɗauki fiye da mako guda ana fita daji da bakin teku rukuni-rukuni, ana nuna finafinan namun daji, ana baje hotuna, yara kuma ana koya musu sanin abin da ke shawagi a bisa kansu.

Mai karatu zai iya cewa, mutum da hankalinsa ya biya kuɗin mota da na masauki don kawai ya je ya zura wa tsuntsu ido? Tambayar tana bisa hanya, sai dai abin ba baƙo ba ne a wurinmu kamar yadda muke zato. Manomin da ya ɗaga kai ya ga shamuwa ta sauka a kan tsamiyar gari, ya koma gida ya fara duba iri da fartanya, ai kallon tsuntsu ya yi, ya kuma karanci labarin damina a jikinsa. Abin da mutanen Somme suka ƙara a kai shi ne rubutawa da ƙirgawa, da kuma ware kwanaki a shekara domin a yi abin tare.

Ga wanda ke da niyyar zuwa, ko ɗalibi ne da ke karatu a Turai, ko ɗan kasuwar da harka ta kai shi Paris, ko mai sha'awar da zai taso takanas daga Kano ko Maraɗi, akwai abu guda da ya kamata ya riƙe tun farko. Masu shirya bikin suna buga jadawali, amma su ma biyayya suke yi: ƙaurar tsuntsaye ce ta zaɓa musu watan, cika da janyewar teku kuma su ke zaɓa musu sa'a. Wanda ya fahimci waɗannan abubuwa biyu ya gama rabin shiri.

Wurin da ake bikin

Kogin Somme yana da tsawon kilomita 245. Ya ratsa biranen Amiens da Abbeville kafin ya zuba a mashigin tekun da ya raba Faransa da Ingila. Masu karatun tarihi sun san sunan saboda ƙazamin faɗan da aka gwabza a 1916, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, amma wancan fagen yana can ciki, gabas da Amiens. Inda ake bikin shi ne bakin kogin, wani faffaɗan fili mai kimanin murabba'in kilomita 70 wanda teku ke rufewa sau biyu a yini, sannan ya janye sau biyu ya bar taɓo da rairayi iya ganin mutum.

Wannan taɓon shi ne arzikin wurin. Cike yake da tsutsotsi da ƙananan dodon koɗi da jatan lande, abincin tsuntsayen ruwa masu dogayen ƙafafu da dogayen baki. Garuruwa biyu ne ke kallon juna a gaɓoɓinsa: Le Crotoy a arewa, Saint-Valery-sur-Somme a kudu. Daga Saint-Valery in aka miƙa yamma za a tarar da tsinin Le Hourdel da garin Cayeux-sur-Mer, masu gaɓar tsakuwa. In kuwa aka zarce arewa daga Le Crotoy, sai a isa gandun Marquenterre, wanda shi ne zuciyar kallon tsuntsaye a yankin.

Tarihin wannan gandu yana da daɗin ji. Asalinsa gonar furanni ce. Wani mutum mai suna Michel Jeanson ne ya datse teku da ganuwar ƙasa ya ƙwato filin domin noman furannin sayarwa, amma manoman Holan suka fi ƙarfinsa a kasuwa. Da ya lura da yawan tsuntsayen da ke sauka a kududdufan gonar, sai ya sauya shawara, ya buɗe wurin ga masu kallo a 1973. Yau gandun yana da faɗin kimanin hekta 200, yana hannun hukumar kare gaɓar tekun Faransa, kuma an taɓa ganin fiye da iri 300 na tsuntsaye a cikinsa. A 1994 aka haɗa shi cikin babban gandun ƙasa da ya rufe arewacin bakin kogin, a 1998 kuma aka saka yankin cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar, wadda aka ƙulla a Iran a 1971.

Kada a ɗauka mutanen wurin duk masu tausayin tsuntsu ne tun asali. Farautar agwagin ruwa tsohuwar sana'a ce a Somme, kuma har gobe bukkokin maharba suna nan binne a gefen tafkuna. Sai dai akan rufe farautar agwagi a ƙarshen Janairu, saboda haka mai zuwa a Afrilu ba zai ji ƙarar bindiga ba. Daga wannan al'ada ta maharba ne ma aka gaji gwanintar kwaikwayon kukan tsuntsaye da fito, har ta zama gasa a bikin. Jean Boucault da Johnny Rasse, waɗanda suka shahara da wannan fasaha a dandamalin kiɗa, 'yan wani ƙauyen yankin ne mai suna Arrest, kuma a irin wannan gasa suka taso tun suna yara.

Me ya sa sai Afrilu?

An ƙiyasta cewa ƙananan tsuntsaye fiye da biliyan biyu ne ke barin Turai a duk kaka su tsallaka Sahara zuwa Afirka, ban da manyan tsuntsayen ruwa. Yunwa ce ke koro su fiye da sanyi, domin in hunturun Turai ya kankama ƙwari sukan ɓace, ruwa ya daskare. Sukan yi watanni a fadamun Senigal, da tsakiyar kogin Kwara a Mali, da yankin Tafkin Chadi, da gaɓar Muritaniya da Gini Bisau. Daga Fabrairu zuwa Mayu sai su juya arewa domin yin sheƙa da ƙyanƙyasa.

Bakin kogin Somme zango ne a kan hanyar da ke bin gaɓar Atlantika. A Afrilu abubuwa uku ne ke haɗuwa a wurin lokaci guda. Akwai matafiya da suka yada zango na 'yan kwanaki su ci su ƙoshi kafin su wuce Holan da ƙasashen arewa mai nisa. Akwai waɗanda tafiyarsu ta ƙare a nan, sun fara ɗaukar kara suna gina sheƙa. Sannan lokacin ne mazan tsuntsaye ke sauya gashi su yi ado, su cika dausayi da kuka domin neman mata da kare yankinsu. Wanda ya zo a Yuli zai tarar kukan ya lafa, matafiya sun wuce.

A Marquenterre akwai wani kurmin itatuwa da manyan tsuntsaye ke yin sheƙa tare. A nan baƙo daga ƙasar Hausa zai ga idon sani: zalɓe yana nan, balbela ma tana nan tana bin shanu da dawaki kamar yadda ta saba. Kusa da su akwai farar shamuwar Turai mai jan baki da jan ƙafa, wadda ta fi tamu girma nesa ba kusa ba, da wani farin tsuntsu mai baki kamar cokali da ke kaɗa shi hagu da dama cikin ruwa yana tace abinci. A cikin tafkuna marasa zurfi za a ga avocette, fari da baƙi, mai siririn baki da ya lanƙwashe sama. Tsattsewa kuma tana shawagi a bisa ruwa, ba ta jima da isowa daga Afirka ba.

Yana da kyau mai kallo ya san nauyin abin da yake kallo. Tsattsewar nan ba ta wuce giram 20 ba. Akwai ƙaramin tsuntsun dausayi mai kimanin giram 12 wanda yakan tara kitse har ya kusan ninka nauyinsa kafin ya tunkari hamada, domin a tsakiyar Sahara ba ci ba sha. Abin da ya faru a ƙasarmu kuma yakan bayyana a can. Bayan ƙarancin ruwan saman da aka yi a Sahel a 1968, masu ƙirga tsuntsaye a Birtaniya sun tarar a bazarar 1969 cewa wani ƙaramin tsuntsu mai farin maƙogwaro ya ragu da fiye da kashi biyu cikin uku. Farin da ya kashe shanu a nan shi ya hana shi komawa.

Teku ne ke tsara yini

Wannan shi ne sashen da baƙon da ya taso nesa da teku ya fi bukatar natsuwa a kansa. Jan da wata ke yi wa ruwan duniya shi ke sa teku ya cika ya janye. Tsakanin cika ɗaya da ta gaba akwai kimanin sa'a 12 da minti 25, ma'ana kullum lokacin yakan yi jinkirin kusan minti 50 a kan na jiya. In yau ruwa ya cika da ƙarfe tara na safe, gobe sai wajen goma saura, bayan mako guda kuma a wannan sa'ar janyewa yake yi.

Ƙarfin cikar ma ba ɗaya ba ne. In rana da wata suka daidaita a layi guda, wato a tsayuwar wata da kuma tsakiyarsa, jan nasu yakan haɗu, ruwa ya tumbatsa sosai ya kuma janye sosai, musamman kwana ɗaya ko biyu bayan haka. A wajen bakwai ga wata da ashirin da biyu kuwa, cikar takan yi rauni. Duk mai lissafin watan Musulunci yana da wannan ilimi a hannunsa: ya duba kwanakin bikin, ya ga nawa ga wata suka kama, zai san ranakun babbar cika tun yana gida. Faransawa suna auna wannan ƙarfi da wata lamba daga 20 zuwa 120 da suke kira coefficient, ana buga ta tare da sa'o'in cika a tashoshin jiragen ruwa da ofisoshin baƙi da intanet. Lambar da ta kai 90 ko ta haura, babbar cika ce. A irin wannan rana bambancin tsayin ruwa tsakanin cika da janyewa yakan haura mita takwas.

Amfanin wannan lissafi ga mai kallo a fili yake. In ruwa ya janye, tsuntsayen taɓo sukan bazu can nesa, ba a ganin komai sai ɗige-ɗige. Da ruwa ya fara dawowa sai ya riƙa koro su zuwa gaɓa a hankali, har su taru dubbai a 'yan wuraren da suka rage a bushe, wasu kuma su tsallaka ganuwa su faɗa tafkunan Marquenterre su jira. Saboda haka sa'o'i biyu kafin cikar ruwa, a ranar babbar cika, su ne lokacin da ya fi dacewa a kasance a gaɓa ko a gandun.

Karnukan teku kuwa akasin haka ne. Waɗannan dabbobi ne masu shayarwa da Faransawa ke kira phoque, kuma garken da ya fi kowanne girma a Faransa na ƙaramin irinsu yana nan bakin Somme. Farauta ta taɓa ƙarar da su daga wurin, sai a shekarun 1980 suka fara dawowa. Sukan hau tudun rairayi su kwanta in ruwa ya janye, kuma daga Le Hourdel aka fi hango su. Ka ga ke nan yini guda zai iya ɗaukar abu biyu: tsuntsaye a lokacin cika, karnukan teku bayan sa'o'i shida.

Akwai kuma maganar rai. Filin shimfiɗaɗɗe ne, ruwa ba ya zuwa ta gaba kaɗai. Yakan fara bin kwazazzabai ya zagayo ta bayan mutum, kafin ya ankara ya zama yana tsaye a tsibiri. Ga taɓo mai riƙe ƙafa, ga hazo da kan sauko ba sallama. Daga Le Crotoy ana hango Saint-Valery kamar a miƙa hannu a taɓa, kuma ana tsallakawa da ƙafa cikin kimanin sa'o'i uku, amma da jagora mai lasisi. Ko 'yan ƙasar ba sa wasa da wannan. Lambar neman agaji ita ce 112, ta masu ceto a teku kuma 196.

Yadda za a zaɓi abin halarta

Jadawalin bikin yakan fito makonni kafin a fara, ɗauke da ɗaruruwan fita. Wasu da ƙafa ake yi, wasu a keke, wasu a kwalekwale, wasu a kan dawakin Henson, irin da aka samar a yankin. Kowace fita tana da iyakar mutanen da za ta ɗauka, ana kama wuri a biya ta intanet, kuma masu farin jini sukan cika da wuri. Wanda ya bari sai ya iso sannan ya nema, abin da aka rage zai samu.

Kuskuren da baƙi suka fi yi shi ne cusa fita uku ko huɗu a yini guda. Garuruwan suna da tazara: daga Le Crotoy zuwa Saint-Valery ta hanyar mota sai an zagaye bakin kogin, kusan kilomita 15, Marquenterre da Cayeux kuma suna ƙarshe biyu ne. Fita ɗaya da sassafe, ɗaya da la'asar, ya wadatar. Tsakar rana a bar ta ga nunin hotuna da finafinai, waɗanda su ne mafaka ranar da aka tashi da ruwan sama.

Ga mai kwana uku, ga tsarin da zai biya bukata. Ranar da lambar cika ta fi girma a ba wa Marquenterre ita sukutum. Gandun yana da hanyoyi uku, gajera da matsakaiciya da doguwa mai kimanin kilomita shida, da bukkokin katako masu ƙananan tagogi inda ma'aikata ke tsayawa da manyan madubai suna nuna wa baƙi abin da ke gabansu. Rana ta biyu a fita da asuba sauraren kukan tsuntsaye a dausayi, irin na Grand-Laviers da ke kusa da Abbeville, sannan a nufi Le Hourdel in ruwa ya janye. Rana ta uku a tsallaka bakin kogin da jagora, a dawo a tsohon jirgin ƙasa mai tururi da ke haɗa Le Crotoy da Noyelles da Saint-Valery, layin da aka shimfiɗa tun 1887.

Kusan duk bayani da Faransanci ake yinsa. Wanda ya yi karatu a Nijar ko Chadi ko Kamaru ba shi da matsala. Wanda Turancin Ingilishi kaɗai ya iya, ya tanadi littafi ko manhajar da ke nuna sunan tsuntsu a harsunan biyu, domin jagora in ya ambaci suna ba zai tsaya fassara ba, tsuntsun ma ba zai jira ba.

Takardu, hanya da masauki

Mai tasowa daga Afirka ta Yamma yana bukatar bizar Schengen ta gajeren zama. Kuɗinta Yuro 90 ne tun daga Yunin 2024, ban da ladan kamfanin da ke karɓar takardu, kuma ba a mayar da shi in an hana. Ana iya nema tun watanni shida kafin tafiya. Dole fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata uku bayan ranar dawowa, da shafi biyu da ba a buga komai ba, sannan a haɗa da inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000, da shaidar masauki da ta kuɗin guzuri. Tun da samun ranar ganawa kan ɗauki lokaci, Disamba ko Janairu ne lokacin farawa. 'Yan Nijar su tuna cewa Faransa ta rufe ofishin jakadancinta na Yamai a Janairun 2024, don haka su fara binciken inda za su miƙa takardunsu kafin su kashe ko sisi. Ga kowa da kowa, hikima ita ce a kama masaukin da za a iya sokewa ba tare da asara ba har sai biza ta fito.

Daga Paris, jirgin ƙasa yana tashi daga tashar Gare du Nord ya bi ta Amiens ya isa Abbeville cikin kimanin sa'o'i biyu. Layin yana tsayawa a Noyelles-sur-Mer, wadda ke tsakanin garuruwan gaɓa biyu, da kuma Rue, tashar da ta fi kusa da Marquenterre. Mai mota zai bi babbar hanyar A16. Matsalar tana cikin yankin ne, domin motocin haya ba su da yawa, kuma fitar asuba ba ta jiran bas. Mafita ita ce hayar mota, ko hayar keke, tun da ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce kuma an yi wa kekuna hanyarsu daban a kewayen bakin kogin.

Bikin sau da yawa yakan faɗo cikin hutun makarantu na bazara ko kusa da Ista, lokacin da mutanen Paris da Lille da Beljiyam ke kwararowa gaɓa. Ɗakunan Saint-Valery da Le Crotoy sukan ƙare da wuri, su kuma yi tsada. Abbeville ta fi sauƙi, ga tashar jirgi, sai dai a yi sammako. A zaɓi masauki bayan an zaɓi fita, don kada a kwana a kudu alhali duk abin da aka biya yana arewa.

Sutura, abinci da ibada

Afrilun Somme yana da sanyi. Da asuba ma'auni yakan sauka wajen digiri biyar, da rana da ƙyar ya haura goma sha biyar, ga iskar teku mai ratsa ƙashi da yayyafi a kowane lokaci. Riguna biyu ko uku marasa kauri da za a iya cirewa ɗaya bayan ɗaya sun fi jibgegiyar riga guda, a ɗora rigar ruwa a sama, a haɗa da hula da safar hannu da dogon takalmin roba. Launi ya zama mai duhu, kore ko ruwan ƙasa ko toka. Farar shadda da babbar riga mai kaɗawa a iska za su tashi tsuntsu tun daga nesa, haka ma mayafi mai walƙiya. Bayan an bi ta cikin ciyawa a duba jiki, domin kaskar Turai tana ɗauke da cuta.

Madubin hangen nesa shi ne babban kayan aiki. Wanda aka rubuta wa 8x42 ya dace da mafari: yana kusanto da abu sau takwas, faɗin gilashinsa milimita 42 kuma yana shigar da isasshen haske da asuba. Wanda ba shi da shi zai samu haya a Marquenterre. Manhajar Merlin ta jami'ar Cornell kyauta ce, tana taimakawa wajen gane tsuntsu ta hoto ko ta kuka. A tafi da ƙaramin littafi da fensir, domin biro ba ya rubutu a jiƙaƙƙiyar takarda.

Dokar Tarayyar Turai ta hana shiga da nama ko kayan madara a jakar matafiyi, saboda haka kilishi da dambun nama da man shanu su zauna a gida. A can kuwa, kifi sai wanda aka zaɓa. Sai dai a riƙa tambaya kafin a ci: ficelle picarde, abincin da yankin ke alfahari da shi, da naman alade ake naɗe shi, sannan moules, wani naman ruwa mai ɓawo biyu, galibi da farar giya ake dafa shi. A lokacin bikin agogon Faransa yana gaban na Najeriya da Nijar da sa'a ɗaya. A tsakiyar Afrilu rana takan fito wajen ƙarfe bakwai, ta faɗi wajen tara saura kwata na dare, alƙibla kuma tana kudu maso gabas. Akwai masallatai a Amiens, amma a ƙauyukan gaɓa mutum ya tafi da dardumarsa.

Ladubban kallo

Tsuntsun da ya yi tafiyar dubban kilomita ya sauka ne da ragowar ƙarfi kaɗan. Duk lokacin da aka tashe shi, yana ƙona kitsen da zai kai shi zango na gaba, kuma ruwa ba zai ƙara masa lokacin kiwo ba. Shi ya sa ake magana ƙasa-ƙasa, ake tsayawa kan hanyar da aka shata, ba a sakin jirgi marar matuƙi a gandun, ba a kuma kunna kukan tsuntsu a waya don a jawo shi. A gaɓar tsakuwa ta Cayeux da Le Hourdel akwai ƙananan tsuntsayen da ke yin ƙwai a ƙasa tsirara, ƙwan kuma ba ya bambanta da tsakuwa, don haka inda aka ja igiya kada a tsallaka. Karnukan teku ana barin mita 300 tsakani da su. In ka ga dabba ta ɗaga kai ta daina abin da take yi tana kallonka, ka matso da yawa, ja da baya.

Shiri yana farawa daga gida

Wanda bai taɓa riƙe madubin hangen nesa ba zai ɓata kwanansa na farko yana laluben tsuntsu a cikin gilashi. Gara a koya tun a gida, kuma Allah Ya sa makarantar tana kusa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, dausayin Haɗejiya da Nguru yakan karɓi dubban baƙin tsuntsaye daga Turai da Asiya. Tafkin Nguru shi ne wuri na farko da Najeriya ta saka cikin jerin Ramsar a 2000, daga baya aka ƙara Dagona a Jihar Yobe da Baturiya a Jigawa a 2008. A Nijar akwai tafkin Madarumfa kusa da Maraɗi da na Tabalak a hanyar Agadas. Wasu daga irin da za a gani a Somme suna nan tare da kirinjijiya da dinya: ƙaramar agwagwar da namijinta ke da farin layi a bisa ido, da tsuntsun taɓon da Faransawa ke kira combattant, wanda ke yin dandazo a gonakin shinkafa. A Janairu launinsa toka-toka ne ba abin kallo, a ƙarshen Afrilu kuwa namijin ya fara fitar da wani tulin gashi a wuya na neman aure. Wanda ya san shi a Nguru ne zai ji daɗin ganinsa a Marquenterre.

Akwai kuma mutanen da za a koya a wurinsu. A kowane Janairu akan yi ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya, wadda aka fara a 1967, kuma dausayoyinmu suna cikin wuraren da ake ƙirgawa. Cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke kusa da Jos tana horar da ɗalibai, tana kuma jagorantar aikin taswirar tsuntsayen Najeriya, wanda 'yan sa-kai ke tura masa abin da suka gani a unguwanninsu. Ranar tsuntsaye masu ƙaura ta duniya tana zuwa sau biyu a shekara, Asabar ta biyu a Mayu da ta biyu a Oktoba.

Tsarin shirin ke nan a jere. A Disamba a fara neman biza, a kuma fita fadamar da ta fi kusa da madubi a hannu. Da jadawali ya fito a ɗora shi a kan kwanan wata da teburin cikar teku, a kama fitar da ta dace da babbar cika, sannan a nemi masauki kusa da ita. In hali ya yi, a ƙara kwana guda da ba a tsara masa komai ba. Iska kan juya cikin dare ta sauko da garken da ba a yi tsammani ba, ruwan sama kan sa a soke fita, kuma mai ragowar kwana ne kaɗai ke iya cin moriyar na farkon ko ya rama na biyun.